Bawa Teku da Shinkafarsa Mai Wuya

Sunansa na yanka Ishaku, amma ban taɓa jin an kira shi da shi ba sai ranar da liman ya ɗaura masa aure. A gida Bawa ake ce masa, a gari kuma Bawa Teku. Ya rasu bara da bazara, kafin ruwan farko ya sauka. Allah ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi. Ni Lauwali, tare muka tashi da shi a wata tunga da ke gefen gulbi ƙasa da Bakura, allonmu ɗaya, malaminmu ɗaya, kuma tun da ya tafi ban sami wanda zan zauna kusa da shi bayan la'asar in ji na zauna ba.

Manomi ne, kamar ubansa. Yana noma gero da wake a tudu, da rani yana taɓa albasa. Amma in aka tambayi kowa a tungarmu sana'ar Bawa, cewa zai yi shinkafa, kuma ba kowace shinkafa ba, wata ja ce ta kakanni da gidansu ke kira Mai Wuya saboda tsawon wuyanta.

Mai Wuya ruwa biyu take so. Ana watsa ta a busasshiyar fadama, ruwan sama ya tsirar da ita, ta yi kamar kamu biyu. Daga nan sai gulbi ya cika ya malalo. Yana hawa tana hawa, kullum kanta na bisa ruwa, har ta fi mutum tsawo. Da kaka, in ruwa bai gama janyewa ba, a kan ƙaton gora irin na masunta ake shiga yankanta. In ruwan sama ya zo gulbi bai zo ba, ciyawa ta cinye ta. In gulbi ya zo da gaggawa ya shanye kanta, ta ruɓe. Muna yara kowane gida na da ita. Tuwonta ja ne, yana da ƙanshi kamar na sabuwar tukunya, kuma wanda ya ci da safe ba ya neman komai sai yamma.

Muna samari aka tare gulbi da dam a Bakolori. Abin da ya faru a lokacin yana da yawa, ba shi na zauna rubutawa ba. Abin da ya shafi Bawa shi ne gulbi ya daina malala yadda ya saba. Fadamu da dama suka bushe, aka mai da su gonakin dawa. Waɗanda suka sami fili a bakin kanal na ban-ruwa, kamar ni, suka koma ga farar shinkafa da ake dasawa, wadda ruwanta bai wuce idon sawu ba. Wuri ɗaya ya rage da ruwa ke shiga sosai, wani kwari na gadon gidansu Bawa da ake kira Ƙwarya saboda fasalinsa. Nan ya ci gaba da watsa Mai Wuya kowace shekara. Sannu a hankali sauran masu irin suka cinye nasu, ko ya lalace musu, ba tare da kowa ya lura ba. Aka wayi gari ba ta ko'ina sai ɗakin Bawa.

Yana ajiye irin a wata tukunyar ƙasa ƙarƙashin gadonsa. Shanshera ce, wato da ɓawonta, ya gauraya ta da toka, ya liƙe bakin da laka. Bai taɓa watsa shi duka ba. Kashi uku yake yi masa, kamar yadda ubansa ya koya masa: na bana, na baɗi in bana ta ƙi, da na Allah ya kiyaye. In kaka ta yi kyau sai a ci tsohon, a zuba sabo.

Laƙabin Teku kuwa daga tafiya ɗaya ya samo shi. Wata shekara albasa ta yi yawa a kasuwar Talata Mafara har ana barinta tana ruɓewa, sai shi da wasu suka haɗa kaya a babbar mota zuwa Ikko. Bai taɓa wuce Gusau ba. Da suka zo gadar Jebba ya ga kogin Kwara, sai direba ya ce masa ai da ruwan garinsu a ciki, domin gulbinmu yana gangarawa Sakkwato ya haɗu da Rima, su wuce Argungu su faɗa Kwara. Bawa ya tambaya ina ita kuma Kwara ta nufa. Direba ya ce teku.

Da suka sauke kaya, abokan tafiya suka shiga kasuwa sayen atamfa. Shi kuwa ya sami wani ɗan dako mutumin Yawuri ya roƙe shi ya kai shi bakin teku. Ya ce mini ya daɗe tsaye yana kallonta. Ya ɗebi ruwan da hannu ya kai baki ya tofar. Ya ajiye takalmansa nesa da ruwa, kafin su gama magana ruwan ya biyo ya ɗauke ɗaya. Mutumin Yawurin ya gaya masa haka take, tana matsowa tana komawa safe da yamma. Wani masunci da suka tarar yana gyaran koma ya ƙara musu da cewa a cikinta ma akwai wata tafiyar, kamar gulbi a cikin gulbi, wanda in kwalekwale ya tsinke sai ya ja shi gabas. Ya kuma ce Kwara ba a nan take shiga ba, can gabas ne da nisa. Wannan ya ɓata wa Bawa rai ƙwarai. Ya so a ce ruwan da ya taɓa na gida ne, sai ga shi na gida ya shiga ta wata ƙofa, kuma an ja shi gaba.

Ya dawo da takalmi ɗaya a jaka da tambaya ɗaya a baki. Duk gulaben duniya suna zuba a wuri ɗaya, wurin bai cika ba, su kuma ba su ƙare ba. Ke nan ruwan yana dawowa. To ta ina? Kuma yaya mai gishiri zai dawo ba gishiri? Ya dami kowa da wannan har mutane suka fara sauya hanya in sun hango shi.

Wata la'asar muna zaune gindin durumi a ƙofar masallaci, sai ga shi tafe da tukunyar miya a hannu, ya naɗe ta da tsumma, tana tururi. Daga cikin gida muna jin muryar matarsa Safara'u.

"Malam, miyar dare ce hwa! In ka zubar, kai da abokanka za ku ci tuwo gaya!"

Ya dire tukunyar a gabanmu. Sambo mai shayi, wanda ba ya barin magana ta wuce shi, ya ce, "Yau kuma teku ta koma miyar kuka?"

"Kai dai ɗanɗana," in ji Bawa.

Sambo ya tsoma yatsa ya lasa. "Gishiri ya ji. Gaya wa Safara'u ta rage hannu."

Bawa ya ɗaga marfin ya juya shi. Ɗigon ruwa ya taru a cikinsa. "To lashi wanga."

Sambo ya lasa. "Salam. Ba komai."

"To ka gani! Tukunya ita ce teku. Rana ita ce wuta. Tururi shi tashi shi bar gishiri ƙasa. Marfi shi ne sama. Iska ta turo shi nan, shi zubo muna, gulbi shi kwashe shi mai da. Haka anka yi ta, haka take tahiya."

Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Bawa, ruwa dai Allah ka saukar da shi, Mala'ika Mika'ilu ka rabo."

"Allah gafarta Malam, ni ban ce ba Shi ba ne. Hanyar da Yake biyo da shi kawai nig gani."

Liman ya yi murmushi ya ce wannan ba laifi. Sai Malam Mas'udu, wanda ke koyarwa a firamare, ya ce cikin ladabi, "Baba Bawa, gaskiya ne. Yana ma cikin littafin 'yan aji huɗu, har da zane."

Bawa ya dube shi. "Kana nuhin yaran ga da ka wucewa da majina sun san wanga?"

"An dai koya musu."

"Ni kuwa sai da nib bar takalmina Ikko."

Aka yi ta dariya. Sambo ya ce daga yau sunansa Bawa Teku, kuma sunan ya zauna. Ya ɗauki tukunyarsa ya koma gida. Bai ji haushi ba, amma na ga kamar ya so a ce shi ya fara ganowa.

Tun daga nan ya zama mai kallon iska. Da bazara, in zafi ya kai matuƙa, yakan tsaya a bakin Ƙwarya ya fuskanci kudu maso yamma. Ranar da iska ta juyo daga can da ɗan danshi, sai ya biyo ta ƙofar gidana ya ce, "Lauwali, teku ta aiko." Ba ya watsa iri da ruwan farko, yana cewa na farko mayaudari ne, ya tsirar da iri ya gudu. Na biyu yake jira. Yakan kuma saurari rediyo ya ji ko an yi ruwa a Funtuwa da Gusau, domin ya ce ruwan da ke ɗaga Mai Wuya ba a kanmu yake sauka ba, a kan mutanen da ba su san da ita ba yake sauka. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure, kamar kowane manomi.

'Ya'yansa maza biyu ne, ɗaya yana acaɓa a Gusau, ɗaya yana ɗinki a Maradun. Yaran kirki ne, suna aiko masa da abin da ya samu, amma ba wanda ya taɓa shiga Ƙwarya da lauje. Bai matsa musu ba. Ni ma yakan ba ni tuwon in ci, ban da irin, tunda filina na kanal ba zurfin da zai riƙe ta.

Shekarunsa na ƙarshe ba su yi wa Mai Wuya daɗi ba. Wata shekara ya watsa kashin farko, ta tsiro kore shar, gulbi ya ƙi zuwa. Ya yi ta cire ciyawa da hannu har ya haƙura. Shekarar da ta biyo ya watsa na biyu. A wannan karon ruwa ya yi yawa a sama, dam ya cika, dole aka saki ruwa, an ma sanar a rediyo. Kafin Mai Wuya ta miƙa wuyan, ruwa ya haye kanta. Muka tsaya a kan tudu ni da shi muna kallon Ƙwarya ta zama tafki, ko tsinke ba a gani. Ya ce, "Ta iya hawa, amma ba ta iya tsalle ba." Muka koma gida.

Saura kashi na uku. Ya san abin da hakan ke nufi, ni ma na sani. Irin shinkafa ba ya daɗewa a tukunya, yana tsufa ya mutu ko ba a taɓa shi ba, kuma wannan ya riga ya kwana biyu. In bai shiga ƙasa a damina mai zuwa ya fito ba, an gama da Mai Wuya a tungarmu, wataƙila ma a duk bakin gulbin.

Da rani ƙafafunsa suka fara kumbura. Aka kai shi asibiti a Talata Mafara, aka ce zuciya ce, aka ba shi magani aka sallamo shi. Ya rame. Ya daina fitowa gindin durumi, sai ni nake zuwa in zauna bakin gadonsa. Wata rana ya buga ƙasan gadon da dudduge, inda tukunyar take, ya ce:

"Lauwali, bana kai za ka watsa. Ni in zauna kan tudu in yi maka hwaɗa."

"Hwaɗan dai ka iya. In na watsa ba daidai ba fa?"

"Hannunka na dashe ne, na sani. Kada ka jera ta kamar sojoji. Ka saki hannu. Kuma ka jira ruwa na biyu, ko da duk gari sun shuka."

"Dut za mu watsa?"

Ya ce, "Dut. Babu abin da za a aje ma wa."

Bai kai ruwan farkon ba. Ya cika wata safiya bayan ya yi sallah a zaune. Muka yi masa sutura, muka kai shi kafin azahar, ana zafi mai tsanani. Ni na shiga ramin na karɓe shi. Bai da nauyi.

A wurinmu in miji ya rasu, matar takan shiga ɗaki ta zauna, mata na shiga yi mata gaisuwa. Ba ta leƙa madafi, ba a tambayarta ina kaza yake, domin a bar ta da abin da ke damunta. Dangin mamaci mata su ke karɓar gidan. Wadda ta karɓa ita ce yayar Bawa, Hussaina, da kowa ke kira Adda. Tun tana yarinya aka kai ta aure Talata Mafara, can ta tsufa. Mace ce mai kuzari, mai son ɗan'uwanta. Ni kuwa ina waje kan tabarma da maza muna amsa gaisuwa. Tukunyar ba ta zo mini a rai ba ko sau ɗaya. Bawa ne a raina.

Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a, aka fito da abinci. Aka ajiye kwano gabanmu ni da liman da Sambo. Sambo ya buɗe. Tuwon ja ne. Ƙanshin ya bugi hancina kafin in gane abin da nake gani.

"Ikon Allah," in ji Sambo. "Rabona da wagga tun ina da haƙora dut."

Na tashi na yi sallama a ƙofar gida, na ce a kira mini Adda. Ta fito tana goge hannu da gefen zane.

"Adda, ina wuni. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Lauwali. Ya namu da naku? Ka ci kuwa? Ka ga yadda ka koma?"

"Adda, shinkahwar ga, ina kunka same ta?"

"Ƙarƙashin gadonai. Muna share ɗaki nig gan ta, an liƙe da laka. Na ce Allah sarki Bawa. Yara sun kawo buhun 'yar kanti, na ce a'a, a haɗa da wagga. Abin da mutum yan noma da hannunai, yaf fi so duk duniya, shi ya kamata a yi mai sadaka da shi, lada ta iske shi kai tsaye. Mu munka cashe ta da kanmu, ko inji ban yarda a kai ba."

"An rage?"

"Mi za a rage? 'Yar kaɗan ce hwa. Da ƙyar ta kai kwanon manya."

Na ce mata iri ne. Ta ce ta sani, ai ita ma 'yar gidan ce, ta san tukunyar iri in ta gan ta, amma iri ai kowa na da shi, in damina ta zo sai a ɗebo a gidana ko gidan wani. Na ce mata babu a gidana, babu a gidan kowa. Ta dube ni tana jiran in ce wasa nake. A zamanin da ta bar tungar, Mai Wuya ta fi ƙasa yawa. Ba wanda ya taɓa gaya mata abin ya canja, domin ba wanda ya ɗauke shi labari.

Ta zauna a kan turmin da ke kife a zauren, ta rufe fuska da mayafi. Na ce, "Adda, ki bari. Niyyarki mai kyau ce." Na koma tabarma. Liman ya matso mini da kwanon ya ce sadaka ba a mai da ta. Na wanke hannu na ci. Tuwon ya yi daɗi.

Da mutane suka ragu, na roƙi a nuna mini inda aka yi casar. An share wurin, an tara ƙaiƙayin a bayan ɗaki, kaji sun riga ni. Na kwashe abin da ya rage a buhu na kai gida. Matata ta ba ni faifai, muka zauna muna tsincewa. Muka sami ƙwayoyin da taɓarya ta tsallake, masu ɓawonsu, ba su cika tafin hannu ba.

Na jira ruwa na biyu kamar yadda ya ce. Ban kai su Ƙwarya ba, don kada tsuntsu ya gama da su. A wani fasasshen kasko na zuba ƙasar fadama na sa su, da nufin in sun yi ƙarfi in mayar. Na ajiye kaskon inda nake alwala. Kullum ina dubawa. Ciyawa ta fito na cire. Da na ga shiru ya yi yawa na tona, na tarar sun yi baƙi sun ruɓe, ko ɗaya bai fasa ba.

Ban san ko taɓarya ce ta kashe su ba, ko kuwa tun a tukunya sun mutu, Bawa yana kwana a kan mataccen iri bai sani ba. Duka biyun suna yiwuwa. Ranar kasuwa na shiga Talata Mafara na je gidan Adda. Na gaya mata na shuka ragowar ba ta fito ba, kuma mai yiwuwa ko ba a dafa ba, ba za ta fito ba.

"Ka tabbata, Lauwali, ko don in ji sanyi kake hwaɗi?"

"Ban tabbata ba, Adda. Abin da nig gani ke nan."

Ta ce to, Allah ya sa sadakar ta ishe shi. Ta kawo mini fura, na sha, na kama hanya.

Daminar bara ta yi kyau. Ruwan sama ya zo a kan kari, gulbi kuma ya malalo a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, irin hawan da Bawa ya yi ta roƙo. Ƙwarya ta cika har baki. Bado ya rufe ta, yara suka yi ta kama tarwaɗa. Da ruwan ya janye, ɗansa na Maradun ya ba wani maƙwabci aron wurin, ya dasa dankali.

Safara'u ta fita takaba ta koma wurin ɗanta a Gusau. Kafin ta tafi ta aiko mini da tukunyar, ta ce ba ta san abin da za ta yi da ita ba. Matata tana zuba wake a ciki.

Allah ya gafarta wa Bawa, ya yalwata masa makwanci, ya shayar da shi daga tafkin Annabi. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi masa addu'a.